Maɓallin AUX da babu raminsa: yadda aikin rediyon motata ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na fara rubuta wannan aiki, don kada in manta abin da na gwada da abin da ya ƙi. Motar Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda dillalai ke kira EOD. Daga Amurka ta fito, ta biyo ta Kwatano, yanzu shekararta shida a hannuna. Rediyonta na asali ne, mai cin faifan CD, kuma ban taɓa kuka da sautinsa ba. Abu ɗaya ya rage masa: babu inda zan soka waya. A fuskarsa akwai maɓalli da aka rubuta wa CD/AUX, na danna shi ya fi a ƙirga. Na buɗe aljihun gaba, na buɗe akwatin da ke tsakanin kujeru, na leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila. Soket ɗin wuta kawai na samu, ramin sauti babu.

Abin da ya sa na matsa shi ne kaset-kaset ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Ya bar kwali biyu cike, kaset 112 da na ƙirga, yawancinsu tafsirin azumi ne da ya riƙa ɗauka da rakodarsa a masallaci a shekarun 1980 da 1990, sauran kuma kiɗan fada da ya naɗa daga rediyo. A wasu daga cikinsu ana jin gyaran muryarsa kusa da rakodar, a guda biyu ma ana jin sa yana amsa salati da ƙarfi. Bara na zauna na juye su cikin kwamfuta, ban da 'yan kaɗan da zarensu ya tsinke, suka koma MP3, suna cikin wayata.

Duk bayan mako biyu nakan kai Hajiya daga Kano zuwa Zariya wajen yayarta da ba ta da lafiya. Tafiyar sama da awa biyu ce, kuma duk tsawon hanyar wayar tana kange a kunnenta, domin ƙugin taya da iska sun fi ƙarfin 'yar lasifikar waya. Hannunta ya gaji ta sauya, ya sake gajiya ta ajiye. Ga lasifikoki a ƙofofin mota suna zaune. Burina kafin azumi, wanda ake sa ran kamawarsa farkon Maris, muryar nan ta fito daga cikinsu.

Duk wanda na yi wa maganar sai ya ce in cire rediyon in saka babban allon nan na Android. Ba zan yi ba. A wannan ƙira, maɓallan na'urar sanyaya mota da na rediyo fuska ɗaya suke, cire ɗaya taɓa ɗaya ne. Na kuma shiga motocin da aka yi wa haka, na ga allon yana ɗaukar lokaci kafin ya farka, da rana kuma haske ya hana a ga rubutunsa. Rediyon da ya shekara ashirin yana aiki bai yi laifin da za a tumɓuke shi ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Na fara da hanya mafi arha. Na shiga kasuwar waya ta Farm Centre na sayo 'yar na'urar nan da ake sokawa a gurbin laita, wadda masu shago ke kira MP3 na mota. Tana cin memori, tana cin filashi, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth. A gaskiya ƙaramar tashar rediyo ce: tana watsa abin da ka ba ta a zangon FM, tsakanin 87.5 da 108, iyakar 'yan taku kaɗan, kai kuma ka kamo ta da rediyon mota kamar kowace tasha.

Na saita ta a 88.0, na juya rediyo, ya ƙi tsayawa a wurin. Daga 87.9 sai ya tsallake zuwa 88.1. Na yi ta kai da kawo kafin in gane ashe ba lalacewa ba ce. A Amurka tashoshin FM a kan lambobin mara suke zama, .1 da .3 da .5 har .9, don haka rediyon da aka yi wa can tsalle bibbiyu yake yi. Shekara shida ban lura ba, saboda tashoshin da nake ji, Freedom a 99.5 da Arewa a 93.1, duk sun faɗa kan mara. Wannan ya warware mini wani tsohon abu ma. A zangon AM Amurka goma-goma take tafiya, mu kuma tara-tara, shi ya sa Rediyon Kaduna da ke 594 bai taɓa fita tas a motar nan ba: daga 590 sai 600.

Da na mayar da na'urar kan mara ta kamu. Matsalar da ta biyo baya ita ce samun gurbin da babu kowa. Kano ta cika da tashoshi, duk inda ka tsaya akwai wata a gefe tana leƙowa. Can wajen ƙarshen layi na samu wuri mai dama-dama na bar ta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun je Zariya mun dawo. A cikin gari akwai wani shuu a ƙarƙashin magana, kamar ana soya abu a ɗaki na gaba. Da muka wuce Kura ya ragu, har Hajiya ta gyara zama. Muna dab da shiga Zariya wata tasha ta kutso da talla a tsakiyar karatu, sai da na gangara gefen titi na sake neman gurbi. Kaset ɗin Baba dama suna da nasu shuu ɗin na tsufa, na FM ya hau kai, suka zama biyu. A hanyar dawowa ta ce, "Auta, kashe kawai, kaina ya fara sarawa." Na kashe.

Na tuna kaset mai igiya da yayana ya taɓa amfani da shi a tsohuwar fijo 504 ta Baba. Babu zare a cikinsa, wani ɗan kan maganaɗisu ne ke fuskantar kan rakodar mota yana miƙa masa sauti kai tsaye. Ya fi wannan na'ura tsabta nesa ba kusa ba, domin babu iska a tsakani balle wata tasha ta shigo. Motata ba ta da bakin kaset, don haka wannan ƙofa a rufe take.

Asabar, 25 ga Janairu

Na kai motar wajen mai wayarin ɗina a Ƙofar Ruwa. Dattijo ne mai natsuwa, ba ya yanka waya sai ya san inda ta dosa. Na yi masa bayani, ya ɗauki sifana ya nufi batir. Na ce, "Oga, dakata tukuna, kar a cire kan batir." Ya ce, "Kana da lambar?" Ashe ya san abin da nake tsoro. Rediyon wannan mota idan wuta ta yanke masa baki ɗaya kulle kansa yake yi, ya rubuta CODE, ba zai sake magana ba sai an danna masa lamba biyar. Dabarar hana sata ce. Gwaji goma yake bayarwa, idan aka kuskure duka sai an bar shi a kunne awa guda kafin a sake. Motocin da suka biyo ta ruwa kuwa da yawa katin lambar ya ɓace tun a can. Muka zazzage aljihun gaba, muka ci sa'a akwai 'yar farar takarda manne a gefensa da lamba biyar a jiki. Na ɗauki hotonta, na kuma rubuta a bayan takardun mota. Duk da haka muka bar batir a haɗe, muka zare makulli kawai.

Bai cire rediyon ba ma. Ya naɗe bakin sukundireba da tsumma, ya ɓanɓaro robar da ta zagaye giya, ya ciro 'yar tiren da ke gabanta, ya kwance noti biyu, sai akwatin ajiya da ke ƙasan rediyo ya fito gaba ɗaya. Ya zura hannu sama ya laluba, ya ce, "Malam, kawo wayarka." Ya cusa ta ciki ya ɗauki hoto da fitila. A hoton ga soket nan fanko, ƙura ta ɗan kwanta a bakinsa, allurai 14 a jere biyu.

Ashe nan ne AUX ɗin da nake nema shekara shida, a bayan rediyo yake. An yi shi ne domin na'urar sauya faifai da ake sayarwa daban, ko rediyon tauraron ɗan'adam na Amurka da ake kira XM. Na ce to mu liƙa igiya a allurai uku mu huta. Ya girgiza kai. Rediyon ba ya buɗe wannan hanya sai wani abu ya yi masa magana ta sauran alluran ya ce "ga ni, ni ce na'urar faifai". Idan babu mai amsawa, ko sau ɗari ka danna CD/AUX ba zai juya can ba. Abin da ake buƙata ɗan akwati ne mai kwaikwayon na'urar faifan, yana amsa wa rediyo, yana kuma wuce da sautin waya.

Ya ce akwai gajeriyar hanya idan ina sauri: a buɗe cikin rediyon a liƙa igiya da dalma a kan layin da sautin CD ke bi, a riƙa saka faifan da babu komai a kansa yana juyawa. Ya taɓa yi, yana aiki. Na ce a'a. Abin da aka soka ana iya zarewa, abin da aka narka wa dalma a kan allo kuwa ya tafi ke nan. Wani mai shago a layin ya ce zai sa a turo akwatin daga Legas. Na tura masa hoton soket ɗin, domin Honda ta kafin 2003 bakinta daban ne, kuma da ido a cikin leda kusan kamarsu ɗaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kaya bai iso ba. Na yi amfani da jiran na gyara fayil-fayil. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, kaset mai minti 90 ke nan bai kai megabayit 100 ba, don haka duk abin da na juye daga kwali biyun ya shige memori mai giga 16 har da saura. Na sa wa kowane suna lamba a gaba, 01, 02, 03, domin idan ka rubuta 1, 2, 10, na'ura sai ta kawo 10 kafin 2, tafsirin ranar goma ya riga na ranar biyu.

Abu biyu na koya daga MP3 na motar da na ajiye, za su amfani mai irinta. Memorin da ya wuce giga 32 da tsarin exFAT yake zuwa, ire-iren waɗannan na'urori kuma da yawansu FAT32 kaɗai suka sani, sai mutum ya ɗauka memorin ne ya mutu. Na biyu, karatun da ake turowa a matsayin saƙon murya ta WhatsApp ba MP3 ba ne, opus ake kiran tsarinsa, waya tana buɗe shi amma na'urar tsallake shi take yi. Da igiya babu wannan ciwon kai, duk abin da waya ta iya buɗewa zai fita.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ya iso. Ɗan baƙin akwati ne bai kai kwalin ashana biyu ba, gefe ɗaya soket mai allurai 14, ɗaya gefen igiya mai tsini irin na iyafis, mai kaurin milimita 3.5. Da kaina na yi aikin a ƙofar gida bayan la'asar, na bi yadda na ga Oga ya yi. Wahalar duk a lalube take: hannu ya shige har gwiwa, ido ba ya gani, sai da na juya soket ɗin sau uku kafin na ji ƙas. Na naɗe akwatin da soso don kada ya riƙa bugun roba a kan gargada, na fito da igiyar ta gefen giya, ban mayar da murafe ba tukuna.

Na murɗa makulli, na danna CD/AUX. Faifan da ke ciki ya fara. Na sake dannawa, sai allon ya nuna lambar faifai da lambar waƙa kamar da gaske akwai na'ura a but. Na kunna kiɗan kalangu daga waya. Ya fito ta ƙofofi da baya, babu shuu, babu tasha, tsit a bayansa. Na jima a zaune ban taɓa komai ba.

Sautin dai ya yi ƙasa da na CD sosai. Dalilin a fili yake, na'urar CD takan fitar da kusan bolt biyu, yawancin wayoyi kuwa ba su wuce ɗaya ba, domin kunne aka yi su su ciyar ba rediyo ba. Na kai sautin waya kusa da ƙarshe, na bar taki ɗaya, na ƙarasa da na rediyo. Sai a kula: idan za a koma FM a fara rage murya, in ba haka ba tasha za ta faɗo da ƙarfin da zai firgita na cikin mota.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau na sha mamaki. Da safe na ce bari in gwada kaset ɗin Baba kafin in kira Hajiya. Na soka igiya, na kunna na farko. Shiru. Waya tana nuna yana tafiya, daƙiƙu suna ƙirguwa, mota ba ta ce komai ba sai wani ɗan raɗa can ƙasa. Na sauya zuwa wata waƙar zamani, sai kayan kiɗa suka fito siriri kamar daga cikin rijiya, muryar mawaƙin kuma babu ita, kamar an goge. Gabana ya faɗi, na ɗauka akwatin ya ƙone a dare ɗaya.

Batirin wayar ya yi ƙasa, na soka caji ina tunani. Nan take murya ta dawo, cikakkiya, tare da wani zuu. Na zare caji, ta ɓace. Na mayar, ta dawo. Sau biyar na yi haka.

Sai da na zare igiyar na ƙura wa tsininta ido na fara fahimta. Layi biyu baƙaƙe sun raba shi gida uku. Kan tsinin na hagu ne, zoben tsakiya na dama, dogon gindin kuma shi ne negatif, hanyar da su biyun ke komawa. Idan gindin bai taɓa ba, rediyo ba ya jin hagu da dama, bambancin da ke tsakaninsu kawai yake ji. Muryar mawaƙi a tsakiya ake ajiye ta, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, don haka idan an debe ɗaya daga ɗaya sai ta tafi. Rakodar Baba kuwa makirfo ɗaya gare ta, abin da ke hagu shi ne a dama sak, shi ya sa nasa ya ɓace ɗungurungum. Da na sa caji, negatif ya samu wata hanyar: ya bi igiyar caji, ya shiga jikin mota, ya zagayo rediyo ta baya.

Saura me ya hana gindin taɓawa. Na haska ramin wayar da tocila, na ga ƙasansa toka-toka. Na kashe wayar, na sa tsinken sakace a hankali, na ciro wani dunƙulen auduga da ƙura kamar ƙwayar gero biyu, na aljihu da na hunturu sun haɗu sun daskare. Ga kuma rigar wayar mai kauri tana tokare kafaɗar tsinin. Jiya na cire rigar saboda hoton da nake ɗauka a cikin dashbod, shi ya sa ya shige da ƙyar ya taɓa. Na cire ta, na soka, na ji ƙas ɗin da ban ji ba da safe. Muryar malamin ta cika mota, can a minti na huɗu Baba ya yi gyaran murya.

Ban kira Hajiya ba. Ina so sai na gama da zuu ɗin nan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Zuu ɗin yana nan duk lokacin da waya ke caji, kuma idan inji na aiki yakan zama siririn fito. Na taka totur ya hau, na saki ya sauko, kamar yana bin allurar inji. Tafiyar Zariya zuwa da dawowa ba za ta yiwu babu caji ba, don haka dole a san asalinsa. Na yanke shawarar sauya abu ɗaya-ɗaya, ina rubutawa.

Inji a kashe, babu caji: tsit. Inji a kunne, babu caji: tsit, ko na taka totur. Inji a kunne da caji daga gurbin laita: fito. Na kunna fitilu da na'urar sanyaya, fiton ya ƙara kauri. Na ɗauko fawa bank na yi cajin da shi, inji na aiki: tsit. Wannan gwaji na ƙarshe shi ya wanke igiya, ya wanke akwati, ya wanke wayar. Laifin yana wurin da waya ta taɓa wutar mota ta hanya biyu a lokaci ɗaya.

Hanyar da ta dawo mini da murya ranar Lahadi ita ce dai ke kawo fiton. A mota ƙarfen jiki shi ne negatif na kowa, rediyo ya kama shi a wuri ɗaya, gurbin laita a wani wurin. Da ido abu ɗaya ne, amma idan wuta mai yawa na gudu a ciki akan samu ɗan bambanci tsakanin wuraren biyu, ƙanƙani ƙwarai. Waya ta haɗa su: caji ta nan, igiyar sauti ta can. Sai wani kaso na wutar ya bi ta gindin igiyar sauti, rediyo kuma ba ya iya bambance shi da waƙa, ya ƙara masa ƙarfi ya miƙa wa lasifika. Shi kuwa fiton, altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki. Wutar da take haifarwa mai kai da kawo ce, diyod-diyod ke miƙar da ita ta zama irin ta batir, wajen bolt 14, amma ba ta miƙewa sumul, akwai 'yan tudu-tudu da ke saura. Inji ya ƙara gudu, tudun su ƙara yawa a daƙiƙa, fito ya hau.

Akwai wata ƙara daban da na ji sau biyu, dit-dirit-dit, dab da shigowar kira. Wannan ba ta mota ba ce. Idan waya ta sauka kan layin 2G, a guntu-guntu take aika saƙo, sau 217 a daƙiƙa, igiyar da ke kusa kuma ta tsinta. Tsohuwar ƙara ce da duk mai rediyo a ɗaki ya sani.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na koma wajen Oga da takardata. Ya karanta ya ce mu fara da abin da ba ya cin kuɗi. Muka cire kawunan batir, ya kankare farin garin da ya taru, ya kwance wayar negatif inda ta kama jikin mota ya goge tsatsa ya ɗaure tam. Da muka mayar rediyo ya rubuta CODE. Na danna lamba biyar ɗin nan, ya buɗe a karo na farko, alhamdu lillahi, sai dai tashoshi da agogo da na sake saitawa. Ya auna altaneta, lafiyarta ƙalau. Fiton ya ragu kaɗan. Na sayi caja mai nauyi a madadin ta roba da nake da ita, zuu ya tafi, fiton ya saura.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na samo abin da ake sakawa a tsakiyar igiya don raba negatif ɗin biyu. Girman ɗan yatsa ne, rami a gefe ɗaya, tsini a ɗaya. A cikinsa ƙananan taransifoma ne guda biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Sauti yana tsallakawa daga naɗin waya zuwa naɗin waya ta hanyar maganaɗisu, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, don haka wutar caji ba ta da gadar bi. Na soka, na tayar da inji, na sa caji, na taka totur har allura ta haura dubu uku. Tsit.

Amma ba kyauta ya yi aikin ba. Na saurari kiɗa ɗaya da shi da kuma babu shi, sau uku-uku. Ƙasan sautin ya ɗan rame. Tambari da ke dukan ƙirji ya koma yana tsayawa a kunne. Ƙaramin taransifoma haka yake, sauti mai zurfi ne ke fara ba shi wuya. A magana da karatu ban ji bambancin komai ba, kuma su ne dalilin aikin. Na ƙara BASS taki biyu a rediyo, ya rufe rabin giɓin. A ganina duk mai wannan matsala ya fara gwada fawa bank kafin ya sayi komai, domin minti biyu zai nuna masa ko nan ciwon yake, kada ya yi ta sauya igiyoyi a banza kamar yadda na ga ana yi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ban gaya mata komai ba. Mun fita bayan sallar asuba, na riga na jera kaset na 07 tun a gida don kada in taɓa waya a kan titi. Muna wuce Na'ibawa ta buɗe jaka tana neman wayar da za ta kanga a kunne, na danna CD/AUX sau biyu. Da malamin ya fara ta ɗago kai tana duban ƙofa, ta dubi baya. Ba ta ce komai ba. Hannayenta biyu suna kan cinya da carbi.

Wajen Kwanar Dangora aka zo inda jama'a ke amsa salati, muryar Baba ta fi ta kowa kusa. Ta ce, "Auta, mayar da wurin nan." Na gangara gefe na tsaya, na ja shi baya, muka sake ji mota a tsaye, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Ta ce a wannan shekarar rakodar sabuwa ce, daga aikin hajji ya zo da ita, kuma batir shida take ci. Ta yi masa addu'a, na amsa, muka hau titi. Har Zariya babu fito, babu tasha, babu ciwon kai.

Lahadi, 2 ga Maris, 2 ga Ramadan

An kama azumi jiya. Kira ya katse mana karatu sau uku a tafiyar da ta wuce, don haka na sauya tsari. Na ɗauko tsohuwar Tecno da ke cikin durowa, babu layi a cikinta, na saka mata memorin, ta zama ta mota kaɗai. Tunda ba ta neman sabis, cajin dare ɗaya yana kai ta Zariya ya dawo da ita da saura mai yawa. Ba caji a hanya ke nan, don haka na zare mai raba negatif ɗin na ajiye shi a aljihun gaba, tambari ya dawo da nauyinsa. Idan wani ya shigo da wayarsa yana son caji da sauti tare, sai in soka masa.

'Yar yayana ta shiga motar jiya da iPhone, babu ramin iyafis a jikinta, tun daga ƙirar 7 ta 2016 kamfanin ya daina sakawa. Tana da 'yar guntuwar igiyar da ke mayar da ramin caji na sauti, mun gwada, ya yi, har ya ɗan fi Tecno ƙarfi.

Abin da ya rage guda uku. Murafen gefen giya har yanzu suna but, igiya tana lilo, kuma na san a haka za ta karye daga wuya. Ina so in huda bangon akwatin ajiya daga ciki in dasa ramin milimita 3.5 na dindindin mai noti, yadda za a riƙa soka gajeriyar igiya a rufe murfi, ƙura ba ta shiga. Oga ya ce in kawo ranar Asabar da safe kafin rana ta yi zafi, yana da bakin huji daidai girman. Sai kaset-kaset da ƙarfinsu bai daidaita ba, na 07 yana fita sosai, na 31 kuwa sai an kai rediyo kusan ƙarshe, zan daidaita su a kwamfuta da dare bayan asham. Akwai kuma kaset 9 da zarensu ya tsinke ban juye ba bara. Hajiya ta ce ɗaya daga cikinsu, mai jan rubutu a goshi, na ranar sauka ne, shi take so a fara liƙawa.